Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu riƙe da makullan ruwan rani

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, shugabannin da Allah ya ɗora wa amanar rabon ruwan noman rani, da injiniyoyinku, da malaman gona, da dattawanmu masu jagorancin ƙungiyoyin manoman da ke shan ruwan kanal. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna lafiya. Ya aiki, ya haƙuri da mu?

Ni manomi ne, ɗan manomi. Gonata eka biyu ce da 'yan kai, tana can ƙarshen layi, inda ruwan da ya baro madatsar Tiga yake isowa a gajiye, ranar da ya ga damar isowa. Ba ni da muƙami a ƙungiya, ban taɓa nema ba kuma. Maƙwabtana ne suka ce tunda na ɗan taɓa boko, in ɗauki alƙalami. Saboda haka da yawunsu nake magana: tsofaffin da suka ga ranar da aka fara sako ruwa a waɗannan kanaloli, da samarin da suka karɓi hayar fili da bashi a wuyansu, da matan da suka kwashi adashe suka danƙa wa 'ya'yansu don a dasa musu albasa.

Abin da ya tayar da maganar shi ne sanarwar da aka yi mana a taron da aka kira gabanin shukar alkama. An ce bana za a rage kwanakin sakin ruwa, ragi ɗaya ga kowane layi, kuma kowa ya yi tattali. Ba mu ƙi tattali ba. Wanda ya kwana a bakin kanal da tocila yana jiran ruwa ba ya buƙatar a yi masa wa'azin darajarsa. Amma har aka shafa fatiha aka watse, ba wanda ya gaya mana tattalin na nawa ne, kuma da wane mudu za a auna shi.

A Kwanar Gafan da kwando ake cinikin tumatir. A Dawanau akwai tiya, akwai buhu, akwai sikeli. Taki buhunsa kilo 50 ne, fetur da lita muke saye, hatta maganin feshi da murfin kwalba muke auna shi. Ruwa kaɗai, wanda in babu shi duk waɗancan asara ce, shi ne muke zubawa da ka. Na san za a ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Gaskiya ne a kan abin da ido ke gani. Ruwan da shuka ke sha kuwa yana ƙarƙashin ƙasa, taƙi ɗaya, taƙi biyu, inda saiwa take, kuma can ido ba ya kaiwa.

Kukanmu na farko a kan wannan ragi ne da aka ce na bai-ɗaya. A takarda ya yi kama da adalci. A bakin kanal ba haka yake ba. Idan aka buɗe ƙofa, na farkon layi shi ke fara jefa bututunsa. Ba zai cire ba sai fangalinsa ya cika ya tumbatsa. Na biyu haka, na uku haka. Kafin ruwa ya gangaro gare mu, rana ta yi, wani lokaci ma kwanan layin ya ƙare. Da can, da kwanakin suke da yawa, mukan samu ragowar ranar ƙarshe. To, ragowar nan ita aka yanke. Na sama bai rasa komai ba, abin da aka rage daga bakinmu aka cire shi.

Kada a ɗauka ina zagin mutanen farkon layi. 'Yan'uwanmu ne, akwai auratayya tsakaninmu, sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a. Ba mugunta ke sa su cika gona har ta yi ambaliya ba, tsoro ne. Mutum bai san ranar da ruwa zai dawo ba. An ce masa Talata, sai Talata ta wuce, Laraba ta wuce, ya zo Alhamis da tsakar dare. Wanda aka yi wa haka sau biyu, duk ranar da ya ga ruwa sai ya sha na yau ya haɗa da na jibi. Da ni ne a wurinsa, wallahi da haka zan yi.

Abin takaicin shi ne, shi ma na saman cutuwa yake yi bai sani ba, kuma wannan ne kukanmu na biyu. Ina da suruki a farkon wani layi. Shekarun baya tumatirinsa ya fara yin ɗorawa-ɗorawa, ganye yana lanƙwashewa da rana. Ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa. Bai gyaru ba, ya ce yunwa ce, ya ƙara yuriya, ya sake bin ta da ruwa. Wani tsohon malamin gona da ya yi ritaya ya biyo ta wurin, bai ce komai ba sai ya karɓi fartanya ya haƙa rami a gefen kunya. Bai kai kamu ɗaya ba ruwa ya fara tsattsafowa. Ya tumɓuke tushe ɗaya ya nuna mana saiwar, ta yi baƙi tana wari. Ashe shukar nutsewa take yi. Saiwa tana numfashi kamar yadda muke yi, in ruwa ya toshe duk ƙofofin iskar da ke cikin ƙasa sai ta ruɓe, ruɓaɓɓiyar saiwa kuma ba ta iya jan ruwa, shi ya sa ganyen ke yaushi alhali gindin yana cikin taɓo. Takin da ya ci bashi ya saya kuwa, ruwa ya narkar da shi ya gangara da shi ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. A wannan makon da surukina ke nutsar da tumatirinsa, albasata tana ƙonewa a ƙarshen layi.

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Duk ruwan da ya wuce saiwa yana taruwa a ƙarƙashi, shekara da shekaru, har ya taso kusa da fuskar ƙasa. In zafin bazara ya zo sai ya janyo shi sama, ruwan ya tafi, gishirin da ke cikinsa ya zauna. Ku zaga wasu filayen ku ga farin nan da ke fitowa kamar an barbaɗa gari, mu kanwa muke ce masa. Inda ta kama sosai, ko an shuka sai tsiro ya fito jefi-jefi. Ga kuma kududdufan da rarar ruwa ke bari a bayan gonaki, matattarar sauro, da dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya ga yaranmu masu wanka a ciki.

Na taɓa zama na yi wani ɗan lissafi da ya hana ni barci. Idan aka tsayar da ruwa mai zurfin santimita 5 a kan hekta ɗaya, wato kamar faɗin yatsu uku, lita 500,000 ke nan. A jarkar 'yan garuwa mai cin lita 25, jarka 20,000. Yanzu a duba mutum nawa ne ke ƙara yatsu uku a kan abin da gonarsa ke buƙata, sau nawa a mako, a filin ban ruwa na Kogin Kano da aka tsara kashinsa na farko ya kai hekta 22,000. Ruwan da kuke nema ku rage, ranku ya daɗe, yana nan kwance a gonakin da ba sa buƙatarsa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da jigo ya fara lambu kafin a kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Kowace guga da ƙarfin kafaɗarsa take fitowa, don haka ya san adadin gugar da kowane fangali ke ci. Kafin ya taɓa jigo da safe sai ya tona ƙasa, ya ɗebo ta can ciki ya dunƙula a tafin hannu. In ta dunƙulu ta riƙe, ya ce a bar ta sai gobe. In ta wargaje, ya ce a ja ruwa. Da kanal ya zo, ruwa ya daina cin gumi, sai muka yar da wannan ɗabi'a. Ban ce a koma jigo ba, Allah ya kiyaye. Tiga alheri ce, ita ta mai da Kura da Bunkure da Garun Malam abin da suke a yau. Amma mun karɓi ruwan mun bar awon a baya, kuma ba wanda ya zo mana da wani awon a madadinsa.

Kuka na uku shi ne jadawali ɗaya da ake shimfiɗa wa ƙasa iri-iri da shuka iri-iri. Jigawa mai rairayi ba ta riƙe ruwa, ita kaɗan-kaɗan take so a kai a kai, in ka tula mata da yawa zurarewa zai yi. Laka kuwa tana sha a hankali ta riƙe kwanaki. A layi guda za ka tarar da duka biyun. A hunturu iska kan busar da fuskar ƙasa ta yi fari fat, mai gona ya tsorata, alhali yatsa huɗu a ƙasa danshi ne lafiyayye. A Maris da Afrilu kuma, gonar da ta kai mako a sanyi ba za ta kai ba. Alkama tana da ranakun da ba ta yafe ƙishi: wajen mako uku bayan shuka lokacin da take kafa saiwar da za ta yi 'ya'ya a kanta, da lokacin fitar da kai, da lokacin da ƙwaya ke cika. Tumatir in aka bar shi ya bushe sannan aka maka masa ruwa, sai 'ya'yan su tsattsage, wasu gindinsu ya yi baƙi. Albasa in ta kusa cira so take a janye mata ruwa, in ba haka ba a wurin ajiya za ta ruɓe. Sannan ga shinkafar rani da ta yawaita yanzu, alhali lokacin da aka zana waɗannan kanaloli alkama ce a gaba a lissafin rani, kuma kowa ya san cikin shinkafa ba ɗaya yake da na alkama ba. Duk wannan bambanci, amsa ɗaya muke samu: ranar kaza za a buɗe, ranar kaza za a rufe.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, hanyoyin gane ko ƙasa na buƙatar ruwa ba wasu abubuwa ba ne da sai an haye teku da jakar kuɗi. Bari in faɗi waɗanda na sani.

A shinkafa akwai dabarar da cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke ƙasar Filifin ta yaɗa a duniya. Guntun bututun roba ne mai faɗi, irin na masu aikin famfo, tsawon santimita 30. A huhhuda ɓangaren da zai shiga ƙasa, a kafa shi a cikin fangali, a kwashe ƙasar da ke cikinsa. Shi ke nan ya zama taga da kake leƙa ruwan da ke ƙarƙashi. Bayan dashe ya kama, sai ka bar ruwan saman ya janye. Ko fuskar ƙasa ta fara tsagewa kada ka firgita, leƙa bututu. Muddin ruwan ciki bai yi ƙasa da santimita 15 daga fuskar ƙasa ba, saiwa tana sha. Ya kai nan, sai ka sake cikawa zuwa santimita 5. In shinkafa ta zo fure, daga mako guda kafin zuwa mako guda bayan, a bar ta cikin ruwa ba wasa. Masu binciken sun nuna ana iya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba. Na gwada a fangali huɗu, na bar sauran yadda na saba. Maƙwabta suka yi ta yi mini dariya, wani ya ce na kafa wa shinkafa salansa. Ranar yanka ban ga bambanci a buhu ba, amma na ga bambanci a kuɗin fetur. Ba zan ɓoye ba, inda ciyawa ta yi yawa sai an yi hattara, domin tsayayyen ruwa na danne ta, haka nan a fili mai rairayi sosai ko wanda kanwa ta riga ta kama. Irin wannan ne ya kamata malamin gona ya tsaya a kai ya bambance mana.

A kayan lambu da alkama akwai wata 'yar na'ura da masu bincike na ƙasar Ostareliya suka ƙera don ƙananan manoma, suka sa mata suna Chameleon, wato hawainiya, saboda launi take canzawa. Ana binne 'yan ƙwayoyinta a zurfi uku a inda saiwa ke yawo. In ka jona abin karantawa sai fitila ta kama: shuɗi ƙasa ta jiƙe, kore akwai laima, ja ta bushe. Ba lamba, ba Turanci, tsohon da bai taɓa shiga aji ba zai karanta ta. An yi aiki da ita a filayen ban ruwa na ƙananan manoma a Tanzaniya da Mozambik da Zimbabuwe, kuma abin da manoman suka fara ganowa shi ne irin na surukina: ruwan da suke ba gona ya wuce kima. Suka rage yawan ban ruwa, lokacin da suke kashewa a kai ya koma wasu ayyukan. Akwai kuma tansiyomita, bututu mai kan tangaram da ake cika shi da ruwa a soke a ƙasa, allurar agogon da ke samansa tana nuna irin wahalar da saiwa ke sha kafin ta tsotsi ruwa. Ita tana son kulawa, ta fi dacewa da hannun malamin gona. Ƙarƙashin duk waɗannan kuma akwai fartanya da tafin hannu, awon mahaifina, wanda ba ya cin ko kwabo, sai dai yaran yanzu ba wanda ya koya musu.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Duk waɗannan dabaru cewa suke yi manomi ya jira, kada ya ba da ruwa sai ƙasa ta nema. Wa zai yarda ya ga ruwa na wucewa ta gaban gonarsa ya ƙyale shi, in ba shi da tabbacin cewa ranar da bututu ya nuna santimita 15, ko fitila ta yi ja, zai samu? Ni na iya gwadawa ne don ina da ɗan inji da nake jawo ruwa da shi. Wanda ba shi da inji, in kuka ba shi na'ura ba ku ba shi tabbataccen jadawali ba, kun ba shi agogo ne kawai da zai riƙa kallon lokacin mutuwar shukarsa. Awon gona aikinmu ne, cika alkawarin rana aikinku ne, kuma ɗaya ba ya tsayuwa sai da ɗayan.

Kuka na huɗu zan taƙaita shi, domin kun fi mu saninsa. Mun ga gyaran da aka yi a ƙarƙashin shirin inganta noman rani na TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, mun kuma gode, wuraren da ruwa ya daɗe bai taka ba ya taka. Sai dai kankare ba ya yashe kansa. Ciyawar kachala da laka suna komawa ƙananan kanaloli da tafkunan ajiyar dare, ƙofofin da aka lalata suna zubar da ruwa dare da rana, kuma a layinmu babu wani ma'auni da mai buɗe ƙofa zai duba ya ce ga abin da ya shiga yau. Kuɗin ruwa kuma da faɗin fili ake biya. Wanda ya sha ya yi ambaliya da wanda ya samu rabin buƙatarsa, rasit ɗinsu iri ɗaya ne. Mu na ƙarshe sau biyu muke biya, mu biya kuɗin kanal, mu sayi fetur mu ja daga magudanar da ke kwashe rarar gonakin sama, ruwan da ya riga ya ɗebo gishiri da ragowar magani. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, wannan biya na biyun ya zama abin da ke korar mutane daga noman rani. Na san samari biyu a unguwarmu da suka mayar da filin haya suka tafi birni neman abin yi.

Kada kuma mu manta, mu da ke kukan ƙarshen layi, farkon layi ne mu ga wasu. Ruwan Tiga da na madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992, su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Daga can akwai manoman kwarin Haɗeja, akwai masunta da makiyaya na fadamun Haɗeja da Nguru, akwai mutanen Gashuwa, har kogin Yobe ya bi iyakar Nijar ta wajen Diffa ya nufi tafkin Chadi. Abin da muka ɓarnatar a nan, wani ne a can ya kwana bai samu ba.

Malamanmu sun karantar da mu cewa Imamu Malik ya ruwaito hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi a kan wasu koramu biyu na Madina, Mahzur da Muzainib: na sama ya tsare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sake shi ga na ƙasa. An ba na sama haƙƙinsa na fara sha, amma an yanka masa iyaka, iyakar da kowa zai iya gani a ƙafarsa. Mu a layinmu har yau ba mu da ko wannan idon sawun.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

A dakatar da ragin bai-ɗaya har sai an auna abin da ke shiga kowane layi da abin da ke isa ƙarshensa. Wannan ba ya buƙatar kwangila. Fenti da awo a jikin bangon kanal, ɗaya a baki ɗaya a wutsiya, da littafi a hannun sakataren ƙungiya yana rubuta abin da ya gani safe da yamma, kowa na iya zuwa ya duba. In ragi ya zama dole, a fara da inda littafin ya nuna rara.

A fitar da jadawalin ruwa na dukan rani tun kafin mu zuba iri, a liƙa shi a ƙofar masallatai, a karanta a rediyo, a tura a WhatsApp na ƙungiyoyi. In wani dalili zai sa a saɓa, a gaya mana da kwana biyu. Kuma a riƙa juyawa, wannan zagaye a fara daga sama, na gaba a kulle bututun sama har sai ruwa ya taɓa gonar ƙarshe.

A ware gona ɗaya a kowane layi, ta manomi na gaske ba ta ofis ba, rabi a yi mata ban ruwa yadda aka saba, rabi a bi awo. A auna ruwan, a auna takin, ranar girbi a kira jama'a a ƙirga buhu a gabansu. Manomi ba ya jayayya da buhu, gani ya kori ji. Tashar binciken ban ruwa da ke Kadawa ta cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana kusa da mu, cibiyar nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero ma ba nisa. A gayyato su su gwada waɗannan na'urori a kan jigawarmu da lakarmu, su gaya mana da Hausa yaushe alkama ke son ruwa a nan, yaushe albasa.

A koya wa samari biyu ko uku a kowace ƙungiya yanka bututun shinkafa da binne na'ura da karanta ta, a ba su ɗan abin sabulu daga kuɗin ruwan da muke biya. Na'ura kaɗan da ke zagayawa a hannun wanda ya iya ta fi ɗari da za a raba a taro. Ina roƙo da babbar murya, kada wannan magana ta zama bikin rabon kaya, a ɗauki hoto, kwalaye su ƙare a ƙarƙashin gadon waɗanda ba su san hanyar gona ba. Haka nan masu cewa kowa ya koma ban ruwa na ɗigo, a yi a hankali. Yana da kyau ga tumatir da tattasai a wurin mai hali, amma ruwan kanal yana da laka, in babu matata mai kyau ƙofofin tiyon toshewa suke yi, kuma mai eka ɗaya ba shi da kuɗin. A taimaka mana da baje fili tukuna. Fangalin da ke da tudu da kwari, kafin tudun ya jiƙa kwarin ya nutse, kuma nan ne ruwa mai yawa ke tafiya.

A sake duba kuɗin ruwa. Mun san ba za a sa wa kowace gona mita ba. Amma in akwai ma'auni a bakin layi, ana iya yi wa layin da ya rage sha rangwame, su raba a tsakaninsu. Ranar da tattali ya fara shiga aljihu, maƙwabci da kansa zai hana maƙwabcinsa barin bututu ya kwana yana zuba. A zauna kuma da manoma a yi magana ta gaskiya a kan shinkafar rani, wane yanki ne ƙasarsa da kanal ɗinsa za su ɗauke ta, wane ne ba za su ɗauka ba, maimakon a bar kowa ya dasa sannan a zo rabon ruwa a yi ta rigima.

Mu ma ba wanke kanmu muke yi ba. A cikinmu akwai masu fasa bakin kanal da dare, akwai masu toshe shi da buhunan ƙasa, akwai masu noƙewa ranar biya. Mun yi magana a tsakaninmu, mun ɗauki alkawarin fita aikin gayya mu yashe ƙaramin kanal ɗinmu kafin kowane rani, mu biya kuɗin ruwa a kan lokaci, kuma duk wanda aka kama ya fasa, mu da kanmu za mu kai sunansa gaban ƙungiya. Mutum goma sha ɗaya a layinmu sun riga sun ce a fara gwajin a gonakinsu, ni ne na goma sha biyu.

Alkama ta kusa mako uku a ƙasa, lokacin da ba ta haƙuri ke nan. Muna gayyatarku ku zo a ranar ruwan layinmu ta gaba, da hantsi. Ba ma buƙatar rumfa ko lasifika. Ku sa takalmin da ba ku jin tausayinsa, mu za mu kawo fartanya. A haƙa rami ɗaya a gonar farko, a taka da ƙafa zuwa gonar ƙarshe a haƙa wani, kowannenku ya ɗebi ƙasar ya dunƙula a hannunsa. In mun gama, akwai shayi a ƙarƙashin mangwaron da ke bakin gonata, sai a buɗe littafi a rubuta awon farko.

Allah ya taya ku riƙon wannan amana, ya ba mu rani mai albarka.

Wassalam.

Naku,
Wani manomi daga ƙarshen layi, a madadin maƙwabtansa.